Wajabcin Ƙarin Ilimi ga Lauyoyi Masu Aiki a Nijeriya

Jama'a da dama na ɗauka cewa da zarar mutum ya sanya baƙar riga da hular lauya, to karatunsa ya ƙare. Ba haka abin yake ba. A ƙa'idar aikin lauya a Nijeriya, ana buƙatar duk lauyan da ke aiki ya riƙa halartar darussan ƙarin ilimi a kowace shekara. An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi, waɗanda sukan nemi lauya a kan rikicin gona, rabon gado, kwangila ko belin wani ɗan'uwa.

Yadda ake zama lauya

Mai son zama lauya yakan yi shekara 5 a jami'a, sannan ya yi kimanin shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. An kafa makarantar a 1962, ta fara karatu a Legas a 1963, kuma hedikwatarta ta koma Bwari da ke Abuja a 1997. Tana da rassa a wurare da dama, ciki har da Bagauda a Jihar Kano da kuma Yola. Bayan ya ci jarrabawa sai a rantsar da shi, a shigar da sunansa cikin rajistar lauyoyi da ke Kotun Ƙoli. Daga nan kuma wajibi ne ya biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara.

Abin da ƙa'idar ta tanada

Wannan tsari ba Nijeriya ce ta ƙirƙiro shi ba. Jihar Minnesota ta Amurka ta wajabta shi tun 1975. A nan gida, ya shigo ne cikin Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya na 2007, a ƙa'ida ta 11, wadda ta ɗora wa Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya, wato NBA, alhakin gudanar da shirin. Ƙungiyar na yin haka ta hannun cibiyarta ta ƙarin ilimin shari'a, wadda ke tantance kwasa-kwasai da masu bayar da su.

Hanyoyin cika sharaɗin sun haɗa da halartar lacca, taron bita ko taron ƙara wa juna sani da ƙungiyar ta amince da shi, da rubuce-rubuce a kan shari'a a littattafai da mujallu, da kuma karatun neman ƙarin takardar ƙwarewa. Ƙa'idojin 2007 sun raba sa'o'in bisa daɗewa a aiki: sa'a 24 ga wanda bai wuce shekara 5 ba, sa'a 18 ga mai shekara 5 zuwa 10, sai sa'a 12 ga wanda ya haura shekara 10. Har ila yau ƙa'ida ta 12 ta ce ƙungiyar ta riƙa fitar da jerin sunayen waɗanda suka cika sharaɗin suka kuma biya kuɗinsu, ta ba su takardar shaidar aiki ta shekara.

A gaskiya an daɗe ba a aiwatar da wannan tanadi yadda aka rubuta shi ba. A 2020 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya fitar da wani gyara da ya soke ƙa'ida ta 11 da wasu maƙwabtanta, amma a 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta rushe gyaran. Bayan nan aka fito da sababbin ƙa'idoji na 2023, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, kuma sun ci gaba da wajabta ƙarin ilimin. A 2025 ƙungiyar ta fitar da nata dokokin aiwatarwa, inda ta nemi kowane lauya ya tara aƙalla maki 5 a shekara.

Me ya sa ake matsawa a kai?

Dalili shi ne doka ba ta zama wuri ɗaya. Lauyan da aka rantsar a 2005 ya karanta tsohuwar Dokar Shaida ne, alhali an maye gurbinta a 2011, kuma sashe na 84 na sabuwar ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar shaidar da ta fito daga kwamfuta. A yau da ake cinikin shanu da hatsi ta hanyar tura kuɗi a waya, wannan sashe ya shafi ɗan kasuwar ƙauye kai tsaye. Idan lauyansa bai san yadda ake gabatar da takardar banki ko saƙon waya ba, kotu na iya ƙin karɓarsu, ko da kuwa gaskiya na tare da shi.

Haka nan Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda jihohi suka yi nasu kwatankwacinta, ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma tsara yadda za a ɗauki jawabin wanda ake tuhuma. Dokar Kamfanoni ta 2020 kuwa ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar ƙaramin kamfani shi kaɗai, abin da a da sai an samu mutum biyu.

Hukunce-hukuncen manyan kotuna su ma haka suke. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sanya wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauyan da ke cikin rajista ba, ba ta da inganci. Ƙararraki da yawa sun rushe saboda wannan kuskure, wasu bayan an shafe shekaru ana zirga-zirga. Abin takaicin shi ne lauya ne ya yi kuskuren, amma mai ƙara ne ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin mota da na shari'a.

Ƙorafin lauyoyi

Ba duka lauyoyi ne suka yi na'am da yadda ake tafiyar da shirin ba. Matasa daga cikinsu, musamman masu aiki a ƙananan garuruwa, na kukan tsadar wasu kwasa-kwasan, ga kuɗin tafiya birni, ko ƙarancin intanet ga mai son bi daga nesa. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, domin abin da lauyan hedikwatar ƙaramar hukuma ke samu bai kai na takwaransa na Legas ko Abuja ba. Wasu kuma hujjarsu ta doka ce: suna cewa sashe na 8 na Dokar Lauyoyi biyan kuɗin shekara ya ambata a matsayin sharaɗin tsayawa gaban kotu, don haka ƙungiya ba ta da hurumin ƙara wani sharaɗi a kai. A 2025 an shigar da ƙara a kan wannan batu gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja.

Abin da ya kamata jama'a su lura da shi

Ga wanda zai ɗauki lauya, abu na farko shi ne ya tabbatar sunansa na cikin rajistar Kotun Ƙoli, domin akwai 'yan damfara da ke yawo a harabar kotuna da sunan lauyoyi. Ya duba hatimin ƙungiyar lauyoyi a kan takardun da aka shirya masa, irin su yarjejeniyar sayen fili, domin hatimin na ɗauke da sunan lauyan da lambarsa. Reshen ƙungiyar mafi kusa na iya taimakawa wajen tantancewa. Ba laifi ba ne kuma a tambayi lauya ko ya saba da irin shari'ar da ake kawo masa, domin ƙwararre a harkar kamfanoni ba lallai ne ya ƙware a rabon gado ba.

Ga shugabanni da sakatarorin ƙananan hukumomi, yana da kyau a ware wa jami'an sashen shari'a kuɗin halartar bita a cikin kasafin shekara, a kuma nemi shaidar biyan kuɗin aiki da ta halartar kwasa-kwasai daga lauyoyin waje kafin a ba su aiki. Ƙaramar hukuma ce ke bayar da haƙƙin mallakar ƙasa na gargajiya a yankunan karkara bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kuma shawara mara tushe a wannan fanni kan jawo wa baitulmali biyan diyya.

Wanda lauya ya ci amanarsa ko ya yi sakaci da aikinsa na iya rubuta koke zuwa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, wanda ke da ikon yin gargaɗi, dakatarwa, ko bayar da umarnin cire suna daga rajista. Marasa ƙarfi kuwa na iya tuntuɓar Hukumar Bayar da Agajin Shari'a, wadda ke aiki a ƙarƙashin dokar 2011, a ofishinta da ke babban birnin jiha.