Yadda Aka Raini Abubakar Imam a Zariya, da Abin da Rainon Ya Bari a Baya

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sanya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. An fi tunawa da gasar saboda littattafan. Amma ta haifar da wani abu da ba a cika magana a kansa ba, wato gwaji na farko a Arewa na rainon mutumin da zai ja ragamar gidan adabi na zamani.

Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, malami ne a Makarantar Midil ta Katsina. East ya ga hazaƙarsa, ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya zo Zariya ya yi wata shida yana rubuta Magana Jari Ce. East ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Turai da na Gabas, irin su Dare Dubu da Ɗaya, shi kuma ya narkar da su ya zuba su cikin tukunyar Hausa. Yana rubutu, suna zama tare suna bin aikin daki-daki. Horon ke nan, a kan aiki na gaske wanda za a buga, yara su karanta a makarantu.

Mataki na biyu ya fi nauyi. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Imam aka ba edita. Nan ya koyi abin da zaman tebur ba ya koyarwa: yadda zai faɗi gaskiya a tsakanin Turawan mulki da sarakuna da talakawan da ke aiko da wasiƙu, ba tare da an rufe jaridar ba. A 1943 ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, har ya gana da Lugga ya gaya masa koke-koken mutanen Arewa. Malamin makaranta ya zama muryar da ake saurare.

Sai dai akwai ɗakin da ba a buɗe wa 'yan ƙasa da wuri ba. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, East ne shugabansa, kuɗin kuma na gwamnatin mulkin mallaka ne. Alƙalami yana hannun Hausawa, amma kasafin kuɗi da injinan ɗab'i da tsara kasuwa suna hannun Turawa. An koya wa matasa gyaran jimla da tsara shafi. Ba a ba su irin wannan horo a kan yadda littafi zai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba.

Ga kuma matsala ta biyu. Masu ilimin boko ƙalilan ne a Arewa, kuma da siyasa ta kankama a shekarun 1950, gwamnati ta kwashe su. Imam ya shiga majalisa, daga baya ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Nuhu Bamalli, wanda shi ma ya yi aiki a wannan gida, ya ƙare a kujerar ministan harkokin waje. Gidan adabi ya yi noma, gwamnati ta yi girbi.

Sakamakon ya bayyana a Hukumar NORLA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1950 domin samar wa shirin Yaƙi da Jahilci abin karatu. Ta buga littattafai masu yawa da boko da ajami, amma kai su hannun masu saye da dawo da kuɗi suka gagara. A 1959 aka rufe ta. Sai a 1966 harkar ta sake tsayuwa da kafa kamfanin NNPC, shi ma da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila.

Wannan tarihi yana da abin faɗa wa duk mai riƙe da gidan tarihi, ko hukumar al'adu, ko ƙungiyar marubuta, ko kamfanin fim a Kano. Imam ya zama abin da ya zama ne domin an ɗora masa nauyi na gaske tun yana matashi, da wani a gefensa yana duba aikin. Gidan kuwa ya yi rauni ne domin horon ya tsaya a kan fasaha, bai kai ga aljihu ba, kuma ba a tanadi abin da zai riƙe waɗanda aka horar ba. Magajin da aka nuna wa dandali kaɗai, aka ɓoye masa littafin lissafi, ranar da aka miƙa masa makulli zai tarar da ɗakin da bai taɓa shiga ba.