Baƙi a rumfar 'yan riƙau

Mu da muka daɗe muna bin gida-gida muna nema wa jam'iyyar Conservative ƙuri'a a Birtaniya mun san cewa tambayar "ɗan ina ne kai?" ta girme mu a cikinta. A 1968 ɗan majalisarmu Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙyamar baƙi a Birmingham, jagoran jam'iyya Edward Heath ya tsige shi daga muƙami, amma ɗimbin magoya baya suka tafa masa. A 1990 wani jigonmu, Norman Tebbit, ya ce a gane kishin ƙasar baƙo ta ƙungiyar kurket ɗin da yake goyon baya.

Bayan zaɓen 2005, 'yan majalisarmu biyu ne kacal ba farar fata ba: Adam Afriyie da Shailesh Vara. Sabon jagoranmu David Cameron ya ga alamar mutuwa, ya fito da jerin 'yan takara na musamman cike da mata da 'ya'yan baƙi. Dattawan mazaɓu sun yi ta gunaguni, amma shukar ta yi yabanya: Rishi Sunak ya zama firaminista a 2022, kuma bayan kujerunmu sun zube daga 365 zuwa 121 a 2024, Kemi Badenoch ta karɓi ragama.

Sai dai akwai sharaɗin da ba a rubuta ba. Ana buɗe maka ƙofa ne idan ka yarda ka riƙa nuna cewa asalinka bai dame ka ba. Kemi ta ƙware a wannan, tana caccakar siyasar launin fata kullum. Amma ita ce ta ce ita Bayarabiya ce, babu abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya, har ta jingina su da Boko Haram. In wannan ba siyasar asali ba ce, mece ce? Laifi tudu ne.

Musulmi su suka fi shan wuya. Ɗan majalisarmu Lee Anderson ya zargi magajin garin Landan, Sadiq Khan, da zama ɗan amshin shatan masu tsattsauran ra'ayi, aka dakatar da shi, ya tsallaka jam'iyyar Reform ta Nigel Farage. Sayeeda Warsi kuwa, wadda ta taɓa shugabantar jam'iyyar, ta janye daga sahunta a majalisar dattawa a Satumbar 2024, tana cewa jam'iyyar ta karkata ta bar ta. A ganina gaskiya ta faɗa.