Hoton Kaka da Fuskar Sarauniya

Ƴan uwana ɗalibai, in anka ce Sarauniya Mangu, wace fuska ke zo muku a rai? Na gwada tambayar abokaina a Dogon Dutsi, kusan kowa fuskar Aï Keïta yake kwatantawa, ƴar wasan da ta fito a fim ɗin Med Hondo na 1986. Yaƙin Lugu da sojan Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899 anka yi shi, amma abin da ya zauna a idonmu hoto ne da anka ɗauka shekara 87 bayan nan, a Burkina Faso ma, ba a Arewa ba. Ban ga laifin Hondo ba. Ya ɗauki nashi hoton, kuma an adana shi.

Mu a gidanmu na Matankari hoton kakana ɗaya tak muke da shi, yana tsaye cikin kakin sojan Faransa. A akwatin goggona yake. Shekara biyu da sunka wuce na ɗauke shi da salula, hannu na rawa, hasken ƙofa na ƙyalli bisa takardar, na tura ma yayana a Yamai ta WhatsApp. Na ce shi ke nan, na ceci tarihi. Da damina gara ta shiga akwatin, ta cinye rabin fuskar. Katin salulata kuma ya mutu. Sai kwafin yayana ya rage, wanda WhatsApp ya riga ya matse. In ka buɗa shi don ka ga idon tsoho, sai ka ga ƙananan murabba'ai kamar zanen tabarma.

Haushin wannan ya sa na bi tarihin na'urar kanta. A 1957 Russell Kirsch, a Amurka, ya fara shigar da hoton takarda cikin kwamfuta: hoton jaririn ɗansa ne, ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Daƙiƙa 23 take yi kafin ta rubuta hoto guda bisa kaset, irin kaset ɗin da iyayenmu ke sauraren waƙa da shi. Ashe tun ran farko aikin kashi biyu ne, ɗauka da ajiya, kuma na biyun ya fi cin lokaci.

Masu tsoffin takardu su sunka fi kowa sanin haka. A Janairun 2013 ƴan bindiga sun ƙona dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmed Baba ta Tumbuktu, kuma waɗanda anka tserar zuwa Bamako shafi-shafi anka riƙa ɗaukarsu da kyamara. Ɗakin karatu na Ingila, British Library, tun 2004 yake da shirin ceto irin waɗannan takardu, kuma ƙa'idarsu ba wuya gare ta ba. Ana kafe kyamara bisa sanda tana kallon ƙasa, fitila dama da hagu don kada ƙyalli ya hau. A aje ma'auni da katin launuka kusa da takardar, don wanda zai duba bayan shekara 50 ya san girmanta da ainihin launinta. Hoton ƙarshe kuwa a TIFF ake aje shi, don ba ya zubar da komai. JPEG, mai zubar da wani abu duk lokacin da anka sake matsa shi, na rabawa ne kawai. Ni kuwa na rabawar na riƙe, na bar na ajiya ma gara.

A hutun bana na koma da kyamarar aro. Na ɗaure ta ga ƙafar kujera da igiyar roba, na shimfiɗa baƙin zane a inuwar zaure, munka ɗauki sauran hotuna 31 na akwatin. Kwafi uku na yi: ɗaya a kwamfutar yayana, ɗaya a kile, ɗaya wurin ƙanen babana a Tibiri. Goggo na zaune gefe tana faɗin sunaye da garuruwa, ina rubuta su cikin sunan kowane hoto. A na 19 ta daɗe tana duban wani mutum mai rawani riƙe da linzamin doki, sannan ta ce: "Ɗana, wannan sai kakanka, shi kaɗai ya san shi."