Kazar Bresse: yadda suna ya zama dukiya

Kai da ke cin kasuwannin kan iyaka, ka san abin da suna ke yi wa farashi. Ka ce albasar Galmi ce, sai mai saye ya gyara tsayuwa. To a Faransa akwai kazar da sai da aka je gaban alƙali a kan sunanta.

Kazar Bresse ke nan, daga wani yanki mai wannan suna a gabashin ƙasar. Gashinta fari fat, zankonta ja, ƙafafunta shuɗɗa, launukan tutar Faransa sak. Tun 1591 aka rubuta cewa mutanen garin Bourg-en-Bresse sun yi wa wani basarake kyautar kajin nan masu ƙiba. A 1862 garin ya fara gasar kaji, kuma har gobe ana yin ta kowane Disamba.

Da sunan ya yi tashe, sai 'yan kasuwa suka shiga sayar da kajin wasu wurare suna cewa na Bresse ne. Ka san ƙarshen irin wannan: mai saye ya daina yarda, farashi ya karye, mai kiwon gaskiya ya kwana ciki. Maganar ta kai kotu, a 1936 kotun Bourg ta shata iyakar yankin. A 1957 majalisar dokokin Faransa ta kafa dokar kare sunan.

Amma fa dokar ta ɗaure masu kiwon su ma. Kowace kaza sai an ba ta filin ciyawa murabba'in mita 10, ta yi tono, ta ci tsutsa da ƙwari. Abincinta masara da alkama da madara. Ba a yanka ta sai ta kai wata 4, dandaƙaƙƙen zakara kuwa wata 8. A ƙafarta ta hagu ana sa zobe mai sunan wanda ya yi kiwonta, in an ga aibi an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Shi ya sa kuɗinta ke ninka na kazar gidan gona. Malam makiyayi, duba garkenka: saniyar Azawak, jar akuyar Maraɗi. In ka bari jinin ya gauraye barkatai, ko dillali ya laƙa sunan ga kowace dabba, da me za ka nemi ƙarin kuɗi ran kasuwa?