Waƙar Zuwan Annasara da Hijirar da ta Haifi Garin Mai Wurno

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban adabin Hausa sun saba cin karo da Waƙar Zuwan Annasara a darasin rubutacciyar waƙa, inda akan dubi karinta da amsa-amonta, sannan a wuce. Waƙa ce da ake dangantawa ga Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya, ɗan Ahmadu, jikan Abubakar Atiku. Wannan takarda za ta dubi abin da ya haifar da ita, da kuma inda mutanen da suka amsa kiranta suka ƙare, wato gaɓar Kogin Nilu a ƙasar Sudan.

2.0 Tunanin tafiya gabas

Attahiru bai ƙago maganar hijira ba, gadonta ya yi. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo jama'a ke riƙe da bisharar cewa a ƙarshen zamani za su yi ƙaura zuwa gabas su haɗu da Mahadi. Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama cewa ya aika 'yan leƙen asiri wajen Wadai da Darfur har zuwa Nilu, saboda wannan bishara. Maganar ta kama zukatan talakawa sosai, har ta kai Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano takarda tana nuna cewa lokacin bai yi ba tukuna, saboda yadda mutane ke kwasar iyalansu suna tafiya. Ke nan, kafin Bature ya iso Sakkwato, hanyar gabas tana nan shimfiɗe a zukatan mutane, ga kuma mahajjata da suka daɗe suna bin ta da ƙafa.

Attahiru ya hau gado a watan Oktoba na 1902. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. An kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Idan har waƙar tasa ce, to cikin waɗannan 'yan watanni aka yi ta, domin dukkan jigonta kira ne na a tashi. Zaɓi biyu ta ajiye wa mai sauraro, ko dai ya yi hijira ko ya zauna ƙarƙashin hukuncin Annasara, ba ta bar wata kafa ta uku ba. A lura da kalmar Annasara kanta, wadda ta riƙe harafin ma'arifa na Larabci kamar yadda Sakkwatanci ke yi, alhali Bakano Nasara zai ce.

Akwai wani abin da ɗalibi ke mantawa idan ya ga waƙa a takarda. Irin waɗannan waƙoƙi na ajami, rera su ake yi. Malami ya rubuta, almajirai su haddace, makafi da mabarata su kai su kasuwa da ƙofar gida. Ta wannan hanya ce saƙon fada ke isa kunnen matar da ba ta taɓa riƙe allo ba, shi ya sa iyakar da ake shatawa a aji tsakanin rubutacciyar waƙa da waƙar baka ba ta da kauri a nan.

3.0 Masu tafiya da masu zama

Kafar ta uku da waƙar ta toshe, Waziri Buhari ya buɗe ta. Shi ya dawo Sakkwato ya yi sulhu da Lugga, ya kuma rubuta risala zuwa ga malamai yana kare matsayinsa, cewa ya halatta a bi mai ƙarfi a zahiri matuƙar bai hana salla da azumi ba. Cikin mako guda aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, jikan Bello. Wato rabuwar daga gidan Shehu ta fara: jikan Atiku ya kama hanya, jikan Bello ya zauna a kan gado. Abin da ya faru a fada shi ya faru a gidajen talakawa. Rahotannin Turawa na lokacin sun koka da yadda manoma ke barin gonakinsu ana gab da shuka suna bin Sarkin Musulmi. Tafiyar ƙafa irin wannan kuwa ba ta tsoho ba ce, ba ta mai jego ba ce, saboda haka duk wanda ya tashi akwai wanda ya bari a baya. Ba daidai ba ne a ɗauki masu zama a matsayin matsorata. Kowane ɓangare yana da malamansa da hujjojinsa.

Cikin manyan da suka bi Attahiru akwai Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, da Alfa Hashim na jama'ar Alhaji Umaru Futi. A karon farko, cikin watan Mayu, mutanen Burmi sun kori Turawa. A karo na biyu garin ya faɗi, ɗaruruwan mutane suka mutu tare da Sarkin Musulmi.

4.0 Daga Burmi zuwa Nilu

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a. Wajen 1906 suka isa ƙauyen Shaihu Talha a bakin reshen Nilu da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, daga baya suka ƙetare ruwa suka kafa gari kudu da Sinnar, wanda ya ɗauki sunansa. Larabawan Sudan Mayirno suke cewa. Abin da waƙar ba ta hango ba shi ne, Ingilishi sun riga su isa. Tun 1898 Kicina ya karya daular Mahadi a Karari kusa da Omdurman. Waɗanda suka baro gida don kada su zauna ƙarƙashin Annasara, sai ga su ƙarƙashinsa bayan tafiyar shekara uku.

Gwamnatin ta bar wa Mai Wurno sarautarsa, domin tana buƙatar hannun aiki. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari suka zama ƙashin bayan cirar auduga. Mahajjata masu neman guzuri suka riƙa yada zango a ƙauyukan da ke kewaye da Wad Madani, zangon ya zama zama. Mark Duffield ya yi nazarin garin Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba kuma a 1995 ya nuna yadda jikokin da aka haifa a Jazira ke kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka. Al-Amin Abu-Manga ya bi diddigin yadda Hausarsu ke shan Larabci, a littafinsa na 1999.

Sunayen da ake kiran su da su, Fallata da Takari, sun daɗe suna ɗauke da raini. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar zuriyar mutanen Burmi a bakin ƙofa da tazarar shekara tara. A Disamba 2023 yaƙin Sudan ya ci Wad Madani, a 2024 ya bazu zuwa jihar Sinnar, jama'ar waɗannan ƙauyuka da yawa suka sake ɗaure kaya.