Kamfanin Mulmula Ƙarafa na Katsina

Sunan da Hausawa suka ba wannan kamfani ya faɗi gaskiyar aikinsa. Ba a ce masa na narka tama ba, na mulmula ƙarafa aka ce. Mai mulmula kuwa, ko na fura ne, sai an miƙo masa abin da zai mulmula. A cikin wannan kalma ɗaya tarihin kamfanin yake kwance.

A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bunƙasa masana'antar ƙarafa ta Nijeriya. A 1979 aka rushe ta, aka raba aikinta tsakanin manyan kamfanoni biyu, Ajakuta da Aladja kusa da Warri, da ƙanana uku a Katsina da Jos da Oshogbo. Kamfanin Kobe Steel na Japan shi ya gina na Katsina, aka buɗe shi a 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, da nufin ya riƙa fitar da kimanin tan 210,000 na rodi da waya a shekara.

Tsarin ya yi kyau a takarda. Aladja za ta narka tama ta zuba gumagumai na ƙarfe, Katsina ta zafafa su ta miƙar da su rodin gini. Amma tsakanin garuruwan biyu akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma a kan tireloli ake ɗauko kayan. Ita Aladja ɗin ma da tamar Laberiya da Brazil ta fara aiki, wadda ake saya da kuɗin waje. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, naira ta karye, sai tama ta yi wuya, gumagumai suka yanke, injinan Katsina suka riƙa kwana biyu suna aiki, wata guda suna hutu. Ajakuta kuwa, wadda Tarayyar Sobiyet ta gina, har yau ba ta hura babbar tanderunta ba. A ganina, laifin masu tsarin ya fi na ma'aikata, domin an gina rufi kafin a gama ginshiƙi. Mu da ke nan Tishigu, muna jin labarin tamar Sheini shekara da shekaru, ya kamata mu karanta wannan babi da natsuwa.

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta sayar da kamfanin ga Dana. Sababbin masu shi suka kafa tukunyar narka tsofaffin ƙarafa, suka koma dogara ga kayan da 'yan gwangwan ke tarowa daga garuruwan Arewa.