Tarihin Maƙalewar Bidiyo a Kwamfutocin Yola da Jimeta

Kallon hoto mai motsi a Yola da Jimeta ya girmi intanet da shekaru masu yawa, domin bayan da aka ƙirƙiro jihar Gongola a 1976 aka mai da Yola babban birninta, tashar talabijin ta NTA ta shiga gidajen ma'aikata, daga baya kuma kaset ɗin bidiyo da faifai suka yaɗu tare da fina-finan Indiya da na Hausa. A wancan zamani idan hoto ya maƙale ba a wahala wajen gano dalili, tun da ko dai kan na'urar ya yi datti ko kuma faifan ya karce.

Al'amarin ya sauya ne da zuwan kallo kai tsaye ta intanet, wato tsarin da bidiyo ke isowa gutsure-gutsure daga wata na'ura mai nisa, kwamfuta tana tara kaɗan a ma'ajiyarta ta wucin gadi tana nunawa, ta yadda duk lokacin da abin da ke shigowa ya gaza abin da ake nunawa sai hoton ya tsaya. Layin tarho na NITEL, wanda saurinsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, bai isa ya ɗauki wannan aiki ba, alhali bidiyo mai tsabtar hoto ta 1080 yana bukatar kusan megabit 5. Shagunan intanet na farkon shekarun 2000 sun dogara da kwanon tauraron ɗan'adam, mai tsada da jinkiri, kuma kwamfutoci da yawa ne ke raba layi guda. Ko da wayar salula ta fara aiki a Najeriya a 2001, aka kuma shimfiɗo manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 a 2010, waɗannan wayoyin teku duk a Legas suka sauka, Yola kuwa tana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga can. Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda ta fara karatu a Yola a 2005, ta yi suna da intanet mara waya a harabarta, amma mutanen gari ba su da irin wannan gata.

Wannan giɓi ne ya haifar da sana'ar masu tura fina-finai, matasan da ke sauke bidiyo a kwamfutar tebur sau ɗaya, sannan su riƙa turawa a wayoyin jama'a a kan kuɗi kaɗan. Sana'a ce da ta cancanci a girmama ta, domin ita ta riƙe masu kallo a shekarun da layi ba shi da tabbas, balle a 2013, lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Adamawa, jihar da Yola take ciki, da Borno da Yobe aka katse layukan salula na tsawon makonni.

Bayan yaɗuwar 4G daga wajen 2016, sai wani ɓangare na laifin ya koma cikin kwamfutar kanta. YouTube ya daina dogaro da manhajar Flash a 2015, kamfanin Adobe mai ita ya rufe ta gaba ɗaya a ƙarshen 2020, sababbin hanyoyin matse bidiyo irin su VP9 da AV1 kuma suka shigo, waɗanda ke rage cin data amma suke ɗora wa na'ura aikin warwarewa. Idan sabuwar kwamfuta ba ta da direban katin hoto da ya dace, wato ƙaramar manhajar da ke sada Windows da katin, aikin duka yakan faɗa kan babban injin sarrafawa, sai murya ta ci gaba hoto kuma yana tsalle. Haka ma idan an soka wayar allo a ramin babban faifan kwamfutar maimakon ramin katin hoton. Daga nan masu gyara suka koyi gwaji mai sauƙi: a kunna bidiyon da aka riga aka sauke, in ya tafi sumul to layi ne ko na'urar raba intanet ke da laifi, sai a rage tsabtar hoto zuwa 480 ko a jona waya a bar Wi-Fi, in kuwa ya maƙale, sai a sabunta direba, a duba ko manhajar shiga intanet tana amfani da katin hoton.

Akwai kuma abin da ƙasar kanta ke kawowa. Zafin Yola a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fanka, injin da ya yi zafi kuma yana rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone, ga kuma ɗauke wuta da ke kashe na'urar raba intanet a tsakiyar kallo. Tsohuwar matsalar layi ma ba ta ƙare ba, domin a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a faɗin Najeriya. Saboda haka wanda ya sayi sabuwar kwamfuta a Jimeta ya ga bidiyo yana maƙalewa bai kamata ya mayar wa mai shago da ita ba kafin ya gwada layi da direba da zafin injin.